ATISHAWAR DA KE DAWOWA KOWACE SHEKARA

Wannan shi ne jawabin da ɗan'uwanmu, tsohon majo, ya yi a taron ƙungiya na kashegarin Sallah, a ƙofar gidan Maigari. Kwamiti ya ga ya kamata a buga shi duka, domin ƴan'uwa da ke ci-rani su samu.

Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya, ƴan'uwa na gida da waɗanda sunka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da ƙasashen Kurmi, ina gaishe ku, ina yi muku barka da Sallah, barka da hanya.

Shugaba ya ce in yi magana a kan shawarar da samari sunka kawo a taron da ya wuce, watau a sare sabara da gezar da ke yamma da gari, tun daga bayan makaranta har bakin hanyar rijiya, domin in ji su, su ne ke sa mutane atishawa da ƙaiƙayin ido kowace shekara. Ban raina wannan shawara ba. Sai wanda bai taɓa kwana zaune yana fyace hanci ba zai ce abin ƙarami ne. Akwai mutum a cikin taron nan, ba zan nuna shi ba, wanda kowace shekara sai ya ɗauki ƴan ƙwadago su gama masa aikin gona, ba don ƙiwuya ba, sai don da zarar gero ya fid da kai idanunsa ba su buɗuwa. Saboda haka kukan samari yana da tushe. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a wasa gatari, a ba ni ɗan lokaci mu tambayi wanene mai laifin, kada mu bar jaki mu doki taiki.

Da fari bari mu raba wannan ciwo da mura, domin a nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Mura tana zuwa da ciwon jiki, da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri bayan kwana biyu ko uku, in ta kama mutum ɗaya a gida sai ta zagaye gidan, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ta tafi. Wannan kuwa da muke magana ba haka yake ba. Mutum ya tashi da safe ya jera atishawa goma ko fiye ba hutawa, hanci yana zubar da ruwa fari kamar hawaye, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, ganɗa tana ƙaiƙayi, har cikin kunne. Jiki ba zafi. Matarsa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ba ta ɗauka. Yana iya yin wata guda ko biyu a haka, sa'an nan wata rana ya tashi garau kamar ba shi ba. Baɗi war haka, sai ga shi ya komo. Wannan komowa a kan lokaci ita ce babbar alama. Likitoci na kiransa alerji, kalmar da wani likitan yara na birnin Biyana mai suna Fon Pirke ya ƙirƙiro a shekarar 1906. Mu kuma mun san ɗan'uwansa tun da daɗewa, watau borin jini, wanda ke fito wa wani in ya ci wani abinci da bai dame kowa ba.

To, mene ne ke zuwa kan lokaci haka? Ku manoma kun riga ni saninsa. Sa'ad da gero ya yi bununi, in ka ratsa gona da hantsi, rigarka takan fito da wani gari rawaya-rawaya. Wannan gari shi ne namijin tsiro. In bai sauka kan macen fure ba, zangarniya ba ta yin ido. Abin da ba kowa ya lura ba shi ne, ba gero da masara kaɗai ke da shi ba. Kowane tsiro mai fure yana da nasa bununi: gamba, ƙarangiya, sabara, geza, kalgo, bagaruwa, gawo, dogon yaro, duka. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Irin wanda ya fi yawo cikin iska, in an jera ƙwaya 30 zuwa 50 ba za su wuce milimita ɗaya ba. Kowa a garin nan yana shaƙarsa, babba da yaro, kuma ga mafi yawanmu ba ya yin kome.

Amma wasu jikinsu yana yin kuskure. Allah ya sa wa jikin ɗan Adam masu tsaro a cikin jini, waɗanda aikinsu korar ƙwayoyin cuta. Ga mai alerji, masu tsaron nan sun zama kamar karen gida da ya tsani wani baƙo ba gaira ba dalili. Ran da ya fara ganinsa bai yi haushi ba, ya dai shinshina ya riƙe ƙamshinsa. Daga nan kuwa, duk ran da baƙon ya taka ƙofar gida sai kare ya tayar da unguwa. Haka jiki ke yi. Da zarar bununin da ya tsana ya taɓa cikin hanci ko ido, sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kumbura hanci, ya sa ruwa ya zubo, ya kawo ƙaiƙayi da atishawa. Watau wahalar ba daga baƙon take ba, daga haushin karen take. Shi ya sa ba a ɗaukar ciwon daga wani, amma ana gadon halin. In uwa ko uba na da shi, ko suna da asma, sau da yawa ɗiyansu ma sukan samu. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma don mutum ya wuce gindin wata itaciya da tsakar rana ba.

Allah ya gafarta malam, wannan ba sabon ilmin Nasara ba ne kaɗai. Abubakar ar-Razi, babban likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925 ta Miladiyya, ya rubuta ƴar maƙala a kan dalilin da ke sa wasu mura a lokacin da wardi ke buɗe fure. Ya ga abin, ya kuma ga yana bin lokaci. Wanda ya zo ya tabbatar da cewa bununi ne, shi ne wani likitan Ingila a birnin Mancesta mai suna Cals Bilakli, wanda shi kansa ciwon ya addabe shi. Ya riƙa tara garin furanni iri-iri yana shaƙa, yana sa wa idonsa, har yana ƙarzar fatar hannunsa yana shafawa, yana rubuta abin da ya faru. Ya shafa danƙo a gilashi ya ajiye a fili, yana ƙirga ƙwayoyin da sunka maƙale kowace rana, ya ga ran da sunka yi yawa ran nan ciwonsa ke tashi. Ya buga littafinsa a shekarar 1873.

Ga inda nake so samari su buɗe kunne. Masana na baya sun gane cewa mafi yawan waɗanda ke zargin wardi, ba wardin ke damunsu ba. Ciyayi da itatuwan da ke fure lokaci ɗaya da shi ne. An zargi wardi domin shi ake gani, shi ke da launi da ƙamshi.

Dalili kuwa shi ne, tsirrai kashi biyu ne wajen aika bununinsu. Akwai masu ɗaukar ɗan aike, watau zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwari. Waɗannan su ne ke yin ado, fure mai launi, mai ƙamshi, mai ruwan zaƙi, domin su jawo ɗan aiken. Bununinsu kaɗan ne, yana da nauyi, yana da danƙo, don ya manne a ƙafar zuma. Ba ya tashi sama sosai. Akwai kuma masu ba iska saƙo. Su ba su da wanda za su burge, saboda haka furensu ba kyan gani, wani ma ba za ka ce fure ba ne. Tun da iska ba ta san gidan kowa ba, tilas su zuba gari mai yawan gaske, busasshe, marar nauyi, ko Allah ya sa ƙwaya ɗaya ta dace. Wannan shi ke cika sararin sama, shi ke tafiyar kilomita da dama, shi ke shiga hancin mutumin da ke zaune cikin zaurensa.

Yanzu ku tambayi masu ɗaura amya, wa ke zuwa furen sabara? Zuma. Furen geza fa, wanda ke fitowa gab da faɗuwar damina? Ƙwari ne ke kansa. Kalgo haka, bagaruwa haka. Tumfafiya ma da mata ke zargi, ita ce ta fi kowa tsarki a wannan shari'a, domin bununinta a ƙulle yake cikin wasu ƴan jakunkuna da sai ƙwaro ya ja su da ƙafa, ba ya tashi ko kaɗan. Farar audugar da kuke gani tana yawo in kwanson tumfafiya ya fashe, iri ne ke tafiya, ba bununi ba. Ruwanta dai a kiyaye shi da ido, wannan wata magana ce dabam.

Ban ce sabara ba ta taɓa sa kowa atishawa ba. Wanda ya shiga sassabe tana cikin fure, ya dukufa yana sara fuskarsa na cikin ganye, yana iya ji a jikinsa. Ganyenta kuma yana da laushin gashi mai riƙe ƙura, in ka girgiza ta da hunturu ƙurar ce za ta tashi. Amma daga inda take tsaye ta aiko ciwo har cikin ɗakunanmu, wannan da wuya. Gani ya kori ji. Gobe da hantsi, in lokacinsu ya yi, kowa ya ɗauki baƙin ƙyalle ko murfin tukunya, ya kakkaɓe reshen sabara mai fure a kai, sa'an nan ya kakkaɓe kan gero mai bununi, ko gamba, ko kacallar bakin tafki. Ku dubi wanda ya fi zubar da gari.

In ana neman ƙaramin icen da ya cancanci tuhuma a garin nan, ni ga nawa: zurma, wadda wasu ke kira cika-gida. Ba wanda ya shuka ta, ta fito da kanta kan juji, bayan ɗakuna, wurin da ruwan wanka ke kwanciya, bakin rijiya. Na ƙirga gindi fiye da ashirin tsakanin gidana da masallaci jiya da yamma. Ita iska take ba saƙo. Furenta na miji yana fashewa ya watsa gari, kuma likitoci a ƙasashe da yawa sun san bununinta da ƙarfin tayar da hanci da asma. Ga ta a ƙofar ɗakinmu, ba mu taɓa zarginta ba, domin furenta ba ya ɗaukar ido. Ƴaƴanta kuma dafi ne mai tsanani in yaro ya tauna. Tare da ita akwai rukuɓu da zaƙi-banza da ke cika kangaye da damina, su ma na iska ne.

Na biyu ita ce baƙuwar ƙayar nan da ma'aikatan gandun daji ke kira furozofis, wadda ta mamaye bakin tafki. Asalinta ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. An yaɗa ta a ƙasarmu bayan farin 1973 da na 1984, domin tana jure ƙishirwa tana kuma tsayar da rairayi, kuma ta yi wannan aiki. Ƙwari na zuwa furenta, amma tana zuba bununi da yawa har iska na ɗauka, kuma a Saudiyya, Kuwaiti da Indiya an san ta cikin manyan masu kawo wannan ciwo. Ƴan'uwanmu da ke Sudan sun san ta sarai. An kai ta can a shekarar 1917, ta bazu cikin gonaki da hanyoyin ruwa, har a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umurnin a kawar da ita. Dogon yaro ma, in ya yi farin furensa da bazara, akwai waɗanda ba su shiri da shi, amma ban ce a taɓa inuwar kowa ba.

Duk da haka, wanda ciwonsa ke tashi daga watan takwas zuwa watan goma, ya fi kyau ya fara duban gero, masara, gamba da sauran ciyawa. Su kuwa ba mai cewa a sare. Wanda nasa ke tashi lokacin sussuka da shiƙa, ƙurar hatsi ce da ƙaiƙayi, ba banza ba ne Bahaushe ya ba dussar kan gero da abin da take sa fata suna ɗaya. Wanda nasa ke tashi da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe rana, mafi yawa ƙurar hamada ce da ke tasowa daga ƙasar Cadi. Ita tana ƙarzar hancin kowa, mai alerji kuwa ta ninka masa wahala.

To ku duba, in mun sare dajin yamma, me munka yi? Bununin iska zai ci gaba da zuwa daga gonakin da ke kewaye da mu. Abin da ke rage ƙura da rairayi kuwa mun kawar da shi da hannunmu. Dattawan da ke nan sun ga yadda ƙasar nan ta koma bayan 1984, sa'ad da mace ke yin rabin yini tana neman itacen girki, iska na binne shuka sai an yi biyu ko uku. A shekarar nan ce anka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Kuma abin da ya maido da itace ba dashe ba ne kaɗai. Barin kututture ne ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku a gyara, aikin da anka fara ƙarfafawa a jihar Maraɗi tun 1983, har masu auna ƙasa sunka ce ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Sabara na cikin waɗanda sunka fi tofowa. Masu bincike a Senegal sun nuna a 2018 cewa saiwarta na jawo ruwa daga ƙasa can da dare, geron da ke kusa da ita ya sha. Iyayenmu kuma da ganyenta suke dafa wa mai tari. Wannan ce za mu sare a kan zato?

Yanzu ga ƴan ci-rani. Da yawa cikinku kun gaya mini abu ɗaya daga cikin biyu. Wani ya ce a gida yana wahala, da ya isa Abijan ko Kumasi ya warke. Wani ya ce bai taɓa sanin ciwon ba sai da ya yi shekara biyu ko uku a Libiya ko Aljeriya. Dukansu gaskiya ne. Na farko ya bar tsiron da jikinsa ya tsana a baya. Na biyu ya je ya ishe sabon baƙo, kare ya shinshina shekarar farko, ya fara haushi ta biyu. A bakin tekun arewa zaitun ne babba, yana fure bayan sanyi ya wuce, daga wajen watan uku zuwa watan biyar, kuma na iska ne. Masu aikin lambun dabino su ma, waɗanda ke hawa da namijin fure a hannu suna barbara, suna shan gari sosai. A Kurmi kuwa, wanda hancinsa ke toshe shekara duka ba hutu, ya daina zargin fure. Ya dubi katifarsa da bangon ɗakinsa, domin laima na haifar da wasu ƴan ƙwari da ido ba ya gani a cikin katifa, da fumfuna, da kyankyasai, kuma duk suna kawo irin wannan ciwo. In kun je gidan likita a can, ku faɗi watan da ciwon ke farawa da watan da yake ƙarewa, da irin aikin da kuke yi. Wannan bayani ya fi rabin awo.

Na zo kan maganar da ta fi damuna, wadda saboda ita na karɓi wannan jawabi. Atishawa ba ta cika kashe mutum ba. Abin da na gani ya lalata mutane a shekarun aikina shi ne maganin da anka sha dominta.

Mutum ya aiko jaka goma daga ci-rani don a yi wa tsohuwarsa magani, sai a kira mai allura ya zo gida, ko a sayi kafso ja da rawaya a tebur ran kasuwa. Kafso na kashe ƙwayar cuta ne, a nan kuwa babu ƙwayar cutar da za a kashe. An zubar da kuɗi, an kuma koya wa cututtuka jure magani. Mafi muni su ne ƴan ƙwayoyin nan irin su desametazon da danginsa, waɗanda masu talla ke ba kowa. Gaskiya ne, in ka sha yau gobe hanci ya buɗe, shi ya sa ake yabonsu. Amma wanda ya daɗe yana sha, fuska ta kumbura, ciwon sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa kare kansa. Wanda ya riga ya daɗe a kansu kuma kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya je majo ya rage masa sannu a hankali.

Na ido ya fi ban tausayi. Kun san yaran nan, galibi maza, da farin idonsu ke komawa ƙasa-ƙasa, kullum suna murza, ba su son rana, abin na tsananta da bazara. Shi ma dangin alerji ne, kuma mafi yawansu yakan bar su in sun balaga. An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ubansa ya shekara biyu yana ɗiga masa wani ruwan magani da ya saya a kasuwa, domin duk ran da ya ɗiga ƙaiƙayi na kwantawa. Uban bai yi don mugunta ba, don tausayi ya yi. Ruwan nan yana da irin sinadarin da na ambata, ya hau da ƙarfin ruwan cikin ido har ya cinye jijiyar gani. Na tura su babban asibiti, amma ido ɗaya ya riga ya tafi, kuma abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya komowa. Ina roƙon iyaye mata musamman: kada a ɗiga wa yaro kome a ido sai wanda likita ya rubuta, kuma a tsaya a kwanakin da ya faɗa. Kafin a kai shi, a wanke da ruwa mai tsabta, a ɗora ƙyalle mai sanyi daga randa.

Maganin da ya dace yana nan, kuma ba shi da tsada. Tun 1937 masana a Faris sunka fara gano magungunan da ke tare histamin. Na dā, irin su kulorfeniramin, suna aiki amma suna sa barci, saboda haka direba, ɗan kabu-kabu, mai ginar rijiya da mai hawan gini su kiyaye, kada su sha su fita aiki. Na baya, setirizin da loratadin, ba su cika sa barci ba, babba yana shan ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 a yini, ko da azumi ana iya sha da dare. Yara, masu ciki da masu shayarwa sai an tambayi majo. In hanci ya toshe sosai akwai na fesawa da likita ke rubutawa, wanda sai an yi kwanaki ana fesawa kafin a ji daɗinsa, kuma ya fi amfani in an fara shi kafin lokacin ciwon ya kama. Akwai wani na ɗigawa da ke buɗe hanci nan take, shi kada a wuce kwana biyar da shi, in ba haka ba hanci ya saba, ya toshe fiye da dā. A sayi duka a farmasi, ba a rana kan tabarma ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. Alwala da kanta magani ce a nan, domin shaƙa ruwa da fyacewa na fid da abin da ya maƙale. Wanda ke so ya ƙara, ya tafasa ruwa lita ɗaya, ya sa gishiri giram 9, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, ya bari ya huce, ya riƙa shaƙa yana fyacewa safe da yamma, ya kuma sake sabo kowace rana. In ka komo daga gona ka wanke fuska da kai, ka tuɓe rigar aiki a waje, kada ka kwana da ita. Ka ja amawali ka rufe hanci kamar yadda Buzaye ke yi, ko ka nemi ƙyallen rufe hanci da munka saba da shi a 2020. Bununi ya fi tashi da hantsi bayan raɓa ta bushe, da kuma ran da ake iska ba ruwa. Bayan an yi ruwa sama takan wanke. Hayaƙin murhu, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa da taba duk suna ƙara wa ciwon wuta.

Amma akwai alamun da in an gan su, a bar zancen fure a nufi gidan likita. Wannan ciwo ba ya kawo zazzaɓi. Lokacin bununin gero shi ne lokacin zazzaɓin cizon sauro, don haka in jiki ya yi zafi a je a yi awon jini. Yaro mai jan ido da majina da zafin jiki, ana iya cewa ƙyanda ce ke tafe. Zazzaɓi da ciwon kai da ƙagewar wuya da bazara, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne, kuma ba a kwana da shi. Tarin da ya wuce sati biyu, da rama da gumin dare, a kai majina a auna saboda tarin fuka, maganinsa kyauta ne. Sa'an nan wanda atishawarsa ta sauka ƙirji, numfashi na kuka kamar usur, yana farkawa da dare yana neman iska, wannan asma ce, tana kuma kisa. Ya samu abin shaƙarsa, irin Ventoline, ya zauna da shi a aljihu duk lokacin. Ya kiyayi iskar da ke gaban hadari, ya shiga ɗaki har ruwa ya sauka. A birnin Melbon na Ostareliya, a watan goma sha ɗaya na 2016, hadari ya taso lokacin furen ciyawa, dubban mutane sunka cika asibitoci a dare ɗaya, goma sunka rasu. In mutum ya kasa gama magana saboda numfashi, ko leɓensa ya sauya launi, a nemi mota ko amalanke nan take.

Maigari, Allah ya ja zamaninka, ga abin da nake kawowa gaban taro. A bar sabara da geza inda suke. Ƙarfin da samari sunka tanada, a juya shi kan zurmar da ke bayan makaranta, kan juji da bakin rijiya, a tuge ta tun ba ta yi fure ba, kuma masu ciwon kada su shiga aikin. Zancen ƙayar bakin tafki, shugaba ya fara ganin ma'aikatan gandun daji, domin sara ba izini yana jawo tara. Na kuma sayo littafi guda na ba magatakarda. Duk mai wannan ciwo, na gida da na ci-rani, ya faɗa masa ranar da ya fara, inda yake, abin da ke fure kusa da shi, da ranar da ya lafa. Na nesa su aiko ta waya. Mata da ba su son zuwa zaure su gaya wa shugabar mata, ita ta kawo. In Allah ya kai mu Sallah mai zuwa za mu buɗe littafin a nan gaban kowa, in kuwa ya nuna sabara ce, ni zan fara ɗaukar gatari.